Ragowar Ruwan Buta

"Wallahi Mama akwai mai taɓa min furen nan. Ni ba yarinya ba ce, na san yadda na bar shi."

Auta ce tsaye a bakin tagar falo, ko jakarta ba ta sauke ba. Ta riƙo ganye ɗaya da yatsu biyu tana nuna min. Ganyen ya yi laushi, ya yamutse kamar hannun wadda ta wuni tana wanki.

Na ce, "To wa zai taɓa miki? Mu uku ne a gidan nan, ni da ke da Babanki."

"Ai shi ya sa."

"Kul! Kar in ƙara jin wannan a bakinki."

Ta sunkuya ta tsinci wani ɗan toho da ya faɗo ƙasa tun bai buɗe ba, ta ɗora a tafin hannunta. Sai hawaye, shar.

Autata malama ce a makarantar ƙananan yara. Yayyenta duk suna ɗakunansu, ita kaɗai ta rage mana. Wanda take so yana da ɗan shagon furanni da shuke-shuke a bayan asibiti, kowa Mai Fure yake ce masa. Babanta kuwa mai gyaran famfo ne, a cikin bututu da sifana ya yi furfura. Duk abin da ba a ɗaure shi da noti ba, a wajen maigidan nawa, Malam, ba sana'a ba ce.

Ranar da ta kawo masa maganar yaron, kallonta ya yi ya ce, "Fure? Abin da za a saya yau, jibi a share shi a kai shara? Da shi zai riƙe min 'ya?"

Shi a ransa akwai ɗan amininsa, wani ɗan kwangila da suke aikin gine-gine tare. Malam ba ya yi wa 'ya'yansa dole, wannan na shaide shi. Amma ya hana Mai Fure taka ƙofar gidanmu, ya hana ta kiransa, ya ce ko tsinke kar ta karɓa daga hannunsa.

Sai ga ta wata rana da yamma rungume da tukunya.

Kafin ya buɗe baki ta ce, "Ba kyauta ba ce Baba. Saya na yi da albashina."

Okid suke ce masa. Ganye huɗu ne masu kauri, da kara ɗaya siriri da ya lanƙwaso, fararen furanni sun jeru a jikinsa kamar malam-buɗe-littafi sun sauka hutawa. Abin mamaki ba ƙasa a tukunyar. Ɓawon itace ne guntu-guntu a cikin wata roba garai-garai, ana hango saiwoyin ta jiki, robar kuma an zura ta cikin tangaran mai kyau.

Malam ya zagaya shi ya yi tsaki. "Shuka ba ƙasa. To ji nan. In abin nan ya rayu a gidan nan, ya zubar da wannan furen ya sake fitar da wani, yaron ya turo manyansa, zan saurare su. In ya mutu, ki bar min maganar nan, ki saurari wanda na kawo."

Ta ce, "Na yarda Baba."

Ni dai da na ji haka gabana ya faɗi, don na san mijina. In ya furta, ya zauna.

Tun daga ranar Auta ta zama uwar jego. Ta zaɓi tagar da rana ke leƙowa da safe kawai, ta sako labule mai shara-shara, wai hasken yake so ba zafin ba. Ta hana a juya fanka ta wajensa. Kwandon ayabata ma sai da ta kore shi daga kan teburin, wai tururin nunar ayaba yana kakkaɓe toho. Ruwa kuwa ba ta ba shi sai ta ga saiwoyin sun koma ruwan toka. Sai ta zaro robar ta kai sink ɗin kicin, ta jiƙa ta sosai har saiwar ta yi kore shar, ta jira ya tsane tas, sannan ta mayar.

Na ce, "Ni da na goyi biyar ban sha wannan ƙa'idar ba."

Ta yi dariya. Amma yanzu dariyar ta ƙare, ga ganye ya langaɓe, ga toho yana zuba.

*

Muna cikin haka aka yi sallama. Gwaggo ce, yayar Malam, wadda ko shi ba ya ɗaga mata murya. Ta zauna ta sha ruwa, idonta ya sauka kan tagar.

"Au, surukin namu ne ya kwanta haka? Sannu da jiki!"

Auta ta sunkuyar da kai.

Gwaggo ta gyara zama. "Ke ni ba wasa ya kawo ni ba. Dangin ɗan kwangilar nan sun gaji da jira. Yaro da motarsa, da gidansa ya kai linta, uwarsa kullum sai ta tare ni. Me zan ce musu? In ce muna jiran ciyawa ta yi fure?"

"Gwaggo, ban ce yana da aibu ba. Raina ne bai kwanta ba."

"Rai? Mu da aka yi namu ran ya kwanta daga baya, mutuwa muka yi?"

Auta ta durƙusa a gabanta. "Gwaggo ke kika yaye ni. Kin san ban taɓa yi wa Baba musu ba. Ya ce kar in kira shi, ban kira ba. Ya ce kar in bi ta layin shagon, zagayawa nake yi ta babban titi, kullum, da ƙafa. Abu ɗaya aka bar min, furen nan. Shi ma ga shi yana tafiya ina kallo, kuma wallahi ban yi masa laifin komai ba."

Kukan ya ci ƙarfinta. Gwaggo ta kau da kai tana gyara ɗankwali, na san ya taɓa ta, amma ba ta sauko ba.

"Share hawayenki. Ranar da ya ƙarasa a aiko min, in je in ba mutane amsa."

Bayan ta tafi na je na tsaya kan furen. Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na san abu ba ya lalacewa haka kawai. Na taɓa ɓawon itacen. Jagab. Ita kuma Auta ta rantse rabonta da ba shi ruwa an kwana biyu.

Na ce a raina, to gobe ba inda za ni.

*

Washegari na fasa zuwa kasuwa. Da azahar ta gabato na shige kicin na bar ƙofar a ɗan buɗe, na zauna ina tsince shinkafa ba motsi.

Malam ya dawo daga aiki, na ji ya ajiye jakar kayansa, ya shiga banɗaki. Shi mutum ne da ba ya alwala a bakin famfo, wai ɓarnar ruwa ce, sai da buta. Can ya fito yana gyara hannun riga, butar na hannunsa. Maimakon ya mayar da ita, sai ya nufi falo.

Ya waiga dama, ya waiga hagu. Ya ɗage labulen. Ya karkata butar a tsakiyar ganyen, ya tuttule ragowar ruwan kaf.

Har da magana ƙasa-ƙasa. "Sha, bawan Allah. Sha abinka."

"Malam!"

Saura kaɗan butar ta suɓuce. Ya juyo yana haɗe rai. "Ke ba kin ce kasuwa za ki ba?"

"Tun yaushe kake wannan?"

"Wanne?"

"Malam, za ka masallaci fa."

Ya sauke ido. "Tun zuwansa."

"Kullum?"

"Duk sallah."

"Har asuba?"

"Har asuba."

Na ce innalillahi. Na kama bakin robar na zaro ta daga cikin tangaran. Wani wari ya bugo mu, irin na kwatar da ta toshe. Tangaran ɗin ashe ba huji a ƙasansa, ruwa ya taru ya kai rabi, ya yi yauƙi. Saiwoyin da ke ciki sun koma baƙi-baƙi, na taɓa ɗaya ta fashe a hannuna.

Malam ya leƙa tangaran ɗin, ya juya shi ya duba gindin. Aikinsa ne, ba sai an yi masa bayani ba.

A hankali ya ce, "Ba mafita. Ruwa na shiga ba ya fita."

Ya nemi hannun kujera ya zauna.

Daidai nan Auta ta turo ƙofa, an tashi daga makaranta. Ta kalli butar, ta kalli robar da ke ɗiga a hannuna, ta kalli ubanta. Jakar ta zame daga kafaɗarta.

"Baba... kai ne?"

"Auta, tsaya ki ji," in ji ni.

"A'a Mama." Ta zube a ƙasa. "Baba da ka ce min a'a kawai, wallahi da na haƙura. Da na yi kukana na gama. Amma ka sa min rai, kullum ina tashi ina duba shi, ina roƙon Allah a sujada, ashe kai kana bi a baya kana..."

Ta kasa ƙarasawa.

Shekarun da na yi da Malam ban taɓa ganin idonsa ya yi haka ba. Ya dube ta.

"Ni kike zaton zan yi miki haka?"

Ba ta ɗago ba.

"Dube ni nan. Na ga abu a gidana, saiwarsa ta fito waje fara fat tana lalube a iska. Na ga kina wuce shi kwana da kwanaki ko ɗigo ba ki ba shi. Na ce yarinyar nan aiki ya yi mata yawa, ta manta. Ni da na ƙare rayuwata ina kai wa mutane ruwa gidajensu, a ce mai rai ya mutu da ƙishi a falona? Me zan ce wa Ubangiji? Ban so yaron ba, gaskiya ne, har yanzu ban ce ina so ba. Amma ban taɓa cin amanar ko bare ba, balle ke."

Auta ta ɗago, fuska jage-jage. "To me ya sa ba ka gaya min ba?"

Ya yi gyaran murya, ya kalli silin. "In gaya miki ki ce na sauko?"

Wallahi duk da halin da ake ciki sai da dariya ta kusa ƙwace min. Auta ta rarrafa ta kifa kanta a gwiwarsa tana cewa ya yafe mata. Ya dafa kanta, ya ce ba komai, tashi.

Aka kira sallah. Ya miƙe ya ɗauki hularsa. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Ba zan ci wannan maganar da ɓarnar hannuna ba. A mayar da shi inda aka saye shi, a duba ko zai gyaru."

Auta ta zabura.

"Ba ke ba. Uwarki ce za ta kai."

*

Ina idar da sallah na zura robar a kwali, na tare ta da tsumma, na hau mota.

Shagon ƙarami ne, amma tsaf. Da shigata sanyi da ƙanshin jiƙaƙƙen ganye suka tare ni. Tukwane a jere har sama, rufin leda mai sakin haske kaɗan-kaɗan. Wani dogon yaro ya taso daga tsugune yana goge hannu a jikin riga. Yana ganin abin da ke cikin kwalin ya gane ni, ya durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni Mama. Ya mutanen gida?"

Na lura bai ce ya Auta ba. Na ce to, da kunya dai.

Ya kawo min kujera. Ya zazzage ɓawon a kan tebur, ya ware saiwoyin a hankali. Bai ce wa ya yi wannan ba, ni ce na gaya masa komai, har da butar.

Ya yi murmushi. "Mama kusan duk wanda ya fara sayensa haka yake yi. Tausayi ne yake kashe shi, ba mugunta ba. A dawa a jikin bishiya yake maƙalewa, ruwan sama ya dake shi ya wuce, iska ta busar. Saiwar da Baba ya gani a waje lafiyarta ƙalau, iska take sha."

"Zai tashi?"

Ya goge almakashi da sifirit, ya shiga datse ruɓaɓɓun, ɗaya bayan ɗaya. Ya naɗe 'yar takarda mai laushi ya tsane ruwan da ya kwanta a tsakiyar ganyen, ya ce nan ne wurin tsoro, in ya ruɓe shi ke nan. Ya leƙa da kyau.

"Alhamdulillahi, zuciyar ba ta taɓu ba. Ga saiwa uku masu ƙwari, taɓa ki ji."

Na taɓa. Tauri gare su kamar igiya.

"Amma Mama sai an yanke karan furen. Ba shi da ƙarfin riƙe fure da yin sabuwar saiwa lokaci ɗaya. Zai zauna ganye zalla, watanni. In ya murmure zai fitar da sabon kara."

Watanni. Na tuna Gwaggo da mutanenta. Na ɗaga kai, sai ga 'yan uwansa a kan kantar shagon, farare, sun fi goma, kamar an tsaga kara.

Na rage murya. "Yaro, ga irinsa nan birjik. Ka zura min ɗaya a robar nan mana. Wa zai gane? Malam bai san ganye daga ganye ba."

Ya ajiye almakashin.

"Mama ki yi haƙuri. Allah Ya sani ba abin da nake so a duniya kamar in wayi gari an ce in turo. Ba na barci sosai tun da aka hana ni jin muryarta. Amma Baba a kan wannan ya yi magana, ba a kan wani ba. In na shiga gidanku ta wannan hanyar, da wane ido zan riƙa gaishe shi? In wannan ɗin ya mutu, na san Allah bai rubuta ba."

Na ce, "Ko da za a ba wani?"

Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ko da."

A raina dai na ce Auta ba ta yi zaɓen banza ba.

Ya datse karan, ya sa furannin a ɗan kofi da ruwa ya ce in kai mata. Ya zuba sabon ɓawo a wankakkiyar roba mai huji ko'ina, ya zaunar da shukar. Ya ce kar a ba shi ruwa sai wuraren yankan sun bushe, bayan nan ma da safe kawai, a gefe, ba a tsakiya ba, kuma kar a sake barin shi zaune cikin ruwa.

Har na kai ƙofa ya ce, "Mama, abu ɗaya ne ban sani ba. Mara lafiya ne yanzu, wurin da zai zauna shi ne rabin maganin. Da zan ga tagar da idona, in ga inda haske yake faɗowa... Amma na san an hana ni. Ba sai kin faɗa ba."

*

Na iso gida bayan la'asar. Tun daga tsakar gida nake jin ƙarar inji. Ina shiga na tarar da Malam zaune a ƙasa, ya kifa tangaran ɗin a kan tsumma yana huda gindinsa da abin huda tayil, a hankali, yana ɗiga ruwa kar ya tsage. Auta na gefe tana riƙe masa.

Ya ɗaga shi ya leƙa ta hujin. "Yanzu ya zama tukunya."

Na ajiye kwalin. Auta ta ga ganye huɗu ba kara, ta dafe ƙirji. Na miƙa mata kofin furannin na ce, "Kwantar da hankalinki, da ransa. Sai dai jinya."

Na zauna na ba su labari tiryan-tiryan. Da na zo kan maganar musanya, Malam ya ɗago da sauri.

"Ke kika ce ya canza?"

"Ni na ce."

"Da girmanki?"

"Da girmana. Na nemi gafarar Allah a mota."

"Shi kuma ya ce me?"

"Ya ce da wane ido zai riƙa gaishe ka."

Malam ya ɗauki robar ya ɗaga ta saitin haske, yana kallon saiwoyin nan uku. Ya zura ta cikin tangaran, ya zaro, ya sake zurawa, kamar mai gwada bututu. Auta ta ƙanƙame kofin, ko numfashi mai ƙarfi ba ta yi.

Ya ce, "Hannunsa da tsabta. Yankan ba gargada."

A bakin Malam wannan ba ƙaramar magana ba ce. Na ga dama ta samu, na matso kusa.

"Ya ce wurin zamansa shi ne rabin maganin. Mu kuma ka ga ba mu iya ba, ni da kai. Ba zance zai zo ba, ba gaisuwar surukai ba. Tagar nan kawai zai duba, kana zaune, ya tafi."

Ya shafa gemunsa. Ya kalli tagar, ya kalli Auta, ita kuma ta sunkuyar da kai hawaye na ɗiga cikin kofin.

Na ce, "Malam, don Allah. In aika masa ya zo gobe?"